Iya da Kabarin da Ke Kallon Yamma

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Iya, kakata ta wajen uba, ta koma ga Mahaliccinta ranar wata Alhamis da hantsi, a ɗakinta da ke gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Ba ta yi jinya ba. Ta sha kokonta, ta yi faɗa a kan wa ya bar mata tsintsiya a ƙofar ɗaki, ta ce kanta na ɗan sarawa bari ta kishingiɗa. Shi ke nan.

Kafin azahar gida ya cika maƙil. Matan da suka saba sayen daddawarta suka zo har daga Darmanawa, kowace da abin da take tunawa. Wannan ta ce Iya ce ta tsaya mata a wankan jego lokacin da ba ta da kowa a birni, waccan ta ce Iya ta taɓa bin ta da muciya don ta tsoma hannun hagu a ƙwaryar daddawa. Dukansu gaskiya suka faɗa. Maƙwabciyarmu 'yar kudu, wadda muke kira Madam mai burodi, ta shigo tana rusa kuka da iyakar ƙarfinta, matanmu na ta ce mata ta yi haƙuri, ba a yi wa mamaci haka. Ni dai ban ga laifinta ba, don abin da nake son yi ke nan kunya ta hana ni. Babana yana zaure, idonsa ya kaɗa ya yi ja, yana ta amsa gaisuwa da kai.

Mutum ɗaya ne ya zo kamar ba gidan rasuwa ya zo ba. Baba Saje ke nan, tsohon soja da ke gadi a Tarauni. Ya dogaro sandarsa, ya zauna a dakalin ƙofar gida, ya ɓare goro ya jefa a baki, sannan ya ce, "To, ta riga ni. Ita za ta kai masa labari."

Wasu daga cikin ƙannena suka harare shi. Ɗaya ya matso ya tambaye ni wa za a kai wa labari. Abin ya sosa mini rai ƙwarai. A gidanmu, cikin jikokin Iya, har an samu wanda bai san wanda ake nufi ba. Shi ya sa da aka yi sadakar arba'in na ture keken ɗinkina gefe na zauna rubuta wannan, ko da yake ni tela ne, allura na sani ba alƙalami ba.

Wanda ake nufi ɗan farin Iya ne, yayan babana. Sunansa aka sa mini, shi ya sa kowa ke kirana Baffa. Iya kuwa har ta bar duniya ban taɓa jin sunan a bakinta ba, don ita 'yar da ce, ba ta faɗin sunan ɗan fari. In za ta ambace shi sai ta ce wancan yaron. Albarkacinsa ni ma na shiga sahun waɗanda ake jin kunya. Sauran jikokinta maza kowa angonta ne, tana tsokanar su sun kasa kawo cefane, suna ce mata sun sake ta ta tsufa. Ni ba ta taɓa yi mini wannan wasan ba. Sai dai in na zo wucewa ta kau da kai ta miƙo mini tsokar nama a ɓoye. Ina yaro na ɗauka ba ta so na, sai da na girma na gane duk na fi su cin riba.

Lokacin yaƙin Hitila muna ƙauye tukuna, can bayan Dawakin Kudu. Aka ce wa dagaci ya kawo samari, shi kuma ya duba gidajen da ba su da bakin magana ya tsinto. Wancan yaron ko gemu bai fara ba, ba a kai ga yi masa aure ba. Ba shi da hoto. Abin da ya rage mana nasa shi ne abin da babana ke faɗi: dogo ne siriri, gwanin fito da baki, yana hawan giginya kamar a ƙasa yake tafiya, kuma in an sauke tuwo shi ke gadin tukunya saboda ƙanzo. Ranar da motar soja ta zo kwasar su duk ƙauye ya fita rakiya, ban da Iya. Uwa ba ta raka ɗan fari a gaban jama'a. Ta sa turmi a gaba tana ta dakan geron da ya riga ya daku, har ƙarar motar ta ɓace. Wannan ita da kanta ta faɗa mini, sau ɗaya tak, tana tsince wake ba ta dube ni ba.

Aka haye da su teku zuwa ƙasar Bama, can gaba da Indiya. Bai dawo ba. Labari ya iso ta hannun dagaci, aka yi zaman makoki ba gawa. Iya ta ɗauki ƙaddara yadda ya kamata, kowa ya yaba haƙurinta.

Sai bayan yaƙi Saje ya zo. Tare suke da yaron tun daga bariki har dajin da aka harbe shi, kuma shi ya ɗauko bargonsa ya sha alwashin sai ya kawo wa uwarsa hannu da hannu. Ya zauna a zaure, Iya na bayan ƙofa tana saurare. Ya ce ta kwantar da hankalinta, ba a bar shi a daji ba. Sun yi masa sutura, sun sallace shi, sun haƙa masa kabari da hannunsu, sun kwantar da shi a kan damansa yana kallon yamma.

Iya ta ce ya maimaita. Ya maimaita, har da ƙarin bayani cewa a can ƙasar alƙibla yamma take. Ba ta tsaya jin ƙarshen ba. Ita dai tun da ta yi wayo gabas ake kallo a yi salla, gabas ake juya rago a yanka, gabas ake juya mamaci. Ga wani ƙato ya zo da bakinsa yana gaya mata sun kwantar da ɗanta ya ba Ɗakin Allah baya. Mutuwar ba ta karya ta ba, wannan ce ta karya ta. Babana ya ce a ranar ya fara ganin hawayen uwarsa.

Daga nan ta ɗaura gaba da Saje, irin gabar da ban taɓa ganin kamarta ba. Da babana ya samu aikin tuƙin babbar mota ya gina gida a Gyaɗi-Gyaɗi, lokacin gonaki sun fi gidaje yawa, sai ga Saje shi ma ya samu gadi a Tarauni, tafiyar ƙafa ce tsakaninmu. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya biyo. Iya za ta dama masa fura da hannunta, da nono mai kyau, ba ta yarda wani ya dama. Za ta kawo zaure ta ajiye, ta amsa sallamarsa don haƙƙin Musulunci ne, sannan ta shimfiɗa tabarmarta ta zauna ta juya masa baya. A haka za su yi hira har la'asar, ita tana kallon bango, shi yana kallon ƙeyarta. Su yi tsadar gero, su yi ciwon gwiwa, su yi wanda ya mutu da wanda ya haihu. Da ya ɗauko zancen Bama sai ta naɗe tabarma. Wani baƙo ya taɓa tambayar ta dalili, ta ce yadda Saje ya juya mata ɗanta haka za ta juya masa baya, ai ba ta fi shi iya juyi ba. Saje bai taɓa fushi ba, kuma bai taɓa fasa zuwa ba. Cewa yake ko ba komai furar ta ishe shi.

Babu wanda bai gwada fahimtar da ita ba. Limamin unguwa ya yi mata bayani da nassi, ta saurara cikin ladabi, ta tambaye shi ko ya taɓa zuwa Bama. Ya ce a'a. Ta ce to Allah ya ƙara sani. Babana ya kawo mata misali da sana'arsa, ya ce in yana Zariya Kano tana arewa da shi, in yana Katsina tana kudu. Ta ce Kano gari ce, ana iya zagaye ta, gabas kuwa wa ya taɓa zagaye ta? Ni ma da na gama firamare, kaina na hayaƙi, na sayo lemo na zo na soka tsinke uku, na ce nan Kano, nan Makka, nan Bama, duniya kuma a dunƙule take kamar haka. Ta saurare ni har na gama zuba. Ta karɓi lemon, ta zare tsinkayen, ta ɓare, ta sha, ta ce duniyar tawa da tsami. Na fita ina huci. Har yau in na ga lemo sai na tuna.

Muna dariyar abin, amma ita ba wasa take ba. Na sha jin ta bayan sallar la'asar, in ta ɗauka ba kowa kusa, tana roƙo ƙasa-ƙasa cewa Allah ya juyo mata da shi. Ba ta roƙi a dawo mata da shi ba, ba ta roƙi ganin kabarinsa ba. Juyin kawai take nema. Tsoronta shi ne a tashi kiyama kowa ya miƙe ya fuskanci inda ya dace, nata shi kaɗai yana kallon wani wajen, ba uwa ba uba a ƙasar da ba a jin Hausa.

Saboda shi take toya waina duk safiyar Juma'a ta raba wa yaran layi. Saboda shi kuma ba a kankare ƙanzo a gidanmu a zuba wa awaki. Ita ke kankarewa da kanta ta ba duk yaron da ya fara shigowa.

Da aka gama yaƙin basasa Madam mai burodi ta dawo Kano ba ɗanta babba. Ya shiga yaƙin, ba wanda ya san inda ya faɗi. A lokacin mutane da yawa a layinmu ba sa sakin jiki da waɗanda suka dawo. Iya ta ɗauki tabarmarta ta tafi ƙofar Madam ta zauna. Hausar Madam a karye take, Iya kuwa ba ta jin ko zo in kashe ka da wani yare, amma kullum da yamma suna tare. Daga baya sai muka ga ƙullun wainar Juma'a ya ƙaru. Ta ce ƙarin na yaron Madam ne. Wata mai ƙaƙale ta ce mata anya sadaka na isa ga wanda ba Musulmi ba? Iya ta ce ita dai ta bayar, Mai karɓa ya san yadda zai yi da kayansa. Iya ba ta da sauƙi, bakinta kamar reza, amma wanda duk ya rasa ɗa ɗan'uwanta ne.

Shekarun nan da abin hannu ya ɗan samu, jirage suka yi ta kwasar alhazai daga Kano, babana ya ce zai kai ta Makka. Da fari ta ƙi, ta ce ba za ta shiga abin da ba shi da ƙafa a ƙasa ba. Kwana biyu sai ta aiko a kira shi, ta ce ta yarda. Ta gaya wa matar babana dalili: ta gaji da aike, gara ta je ta kai kukanta ƙofar Ɗakin da kanta, ko a dubi tsufanta a juya yaron.

Abin da ya faru a can na ji shi daga bakinta ya fi a ƙirga, don bayan ta dawo duk wanda ya zo yi mata barka sai ya ji, ko yana so ko ba ya so. Ta ce ranar da suka fara shiga Harami aka tayar da salla, ta ɗaga kai kafin kabbara, sai ta hango can ɗaya ɓangaren Ɗakin wasu sahu-sahu sun jeru suna fuskantar ta. Ta duba dama, wasu sun ba da gefe. Ta duba hagu, haka. Da aka sallame ta kamo rigar babana ta tambaye shi waɗancan wane irin addini suke yi. Ya ce Musulmi ne kamar ta, kowa Ɗakin yake kallo, duk inda ya tsaya.

Da magariba ta kusa sai ta ce ya kai ta can ɓangaren. Suka kutsa cikin jama'a, tana riƙe da shi, har suka zagaya. Ta samu wuri cikin wasu mata ƙanana jajaye da ba ta san ko daga wace ƙasa suke ba, ta tsaya. Ga Ɗakin Allah a gabanta, ga jan faɗuwar rana a bayansa, daidai inda ta fuskanta.

"Baffa," ta ce mini, kuma ranar ce ta fara duba na ido cikin ido, "na yi salla ina kallon yamma, ni da kaina, kuma ba wanda ya ce na yi kuskure. Ina sujada sai abin ya faɗo mini. Ashe yaron nan ta can yake kwance yana kallon Ɗakin, ni ina ta nan ina kallon Ɗakin. Duk shekarun nan da nake salla fuskarsa nake kallo ban sani ba. Ina ta roƙon a juya shi. Da an amsa mini ai da ya ba ni baya."

Na ce mata ai abin da na nuna mata da lemo ke nan. Ta ce lemo daban, Makka daban, gani ya kori ji.

Juma'ar farko bayan dawowarsu Saje ya zo. Mun cika zauren da gangan, don babana ya riga ya tsegunta mana. Iya ta fito da sabon haƙorinta na Makka, ta ajiye fura, ta shimfiɗa tabarma, ta zauna tana fuskantar sa. Saje ya rikice. Ya duba bayansa ko akwai wani, sannan ya ce, "Hajiya, yau kin yi ɓatan kai a zama."

Ta ƙare masa kallo tun daga hula har takalmi, ta ce, "Ashe haka ka tsufa?"

Muka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Ta tura masa zamzam da dabino da sabuwar darduma, ta ce ya yafe mata, ta zalunce shi da daɗewa. Ya ce shi bai ga zalunci ba, fura ya gani. Sannan ta ce ya ɗauko mata labarin tun daga farko, wanda ta hana shi ƙarasawa.

Ya ba ta. Ya ce yaron shi ke sa su dariya a jirgin ruwa lokacin da kowa ke amai, kuma ko a can shi ke kankare tukunyar shinkafa. Ya ce a bakin wani rafi aka yi musu kwanton ɓauna suna ɗauke da kaya, harsashi ya same shi a ƙirji, bai wahala ba, ya samu kalmar shahada. Suka hau da shi kan tudu inda ruwa ba ya kwanciya, gindin wasu gora dogaye. Ya ce shi kansa gabas ya fara auna kabarin, sai wani sojan Indiya Musulmi ya riƙe masa hannu yana nuna yamma. Saura kaɗan ya kai masa naushi. Sai da malaminsu na bataliya ya sa baki, ya tuna masa tun a teku aka ce su juya. Iya ta ce ashe shi ma ya yi taurin kan. Ya ce ya yi, nasa dai na rabin yini ne. Har aka kira la'asar tana tambaya yana amsawa, ko akwai inuwa a wurin, ko ƙasar ja ce ko baƙa. Da ya tashi tafiya ta raka shi har ƙofar gida.

Shekarun da suka rage mata su ne mafi daɗi da na san ta a ciki. Faɗa bai ragu ba, wannan sai kabari. Amma ta sake. Wainar Juma'a ta ci gaba, sai dai yanzu da waƙa take toyawa. In ta idar da salla takan ɗan jima a zaune tana kallon gabanta, fuskarta a sake kamar mai sauraron hira. Har tsokana ta fara yi mini a ƙarshe, ta ce duk cikin mazajenta ni ne marowaci, na iya ɗinka wa matan gari ban iya ɗinka mata ba. Na ɗinka mata riga da zane, ta ce hannun ya yi tsawo. Ta sa su har suka koɗe.

Ranar Alhamis ɗin nan bayan la'asar muka kai ta maƙabartar Tarauni. Saje ya ƙi shiga mota, ya biyo makara da ƙafa yana dogara sanda, muna tafe muna jiran sa. Ni da babana muka karɓe ta muka sa ta a makwancinta, a kan damanta. Ana shirin jera itace sai na ji sanda ta taɓa kafaɗata. Saje ne ya durƙusa a bakin kabarin, da gwiwar nan tasa da ba ta lanƙwasuwa, yana leƙe.

"Baffa," ya ce, "ɗan ƙara gyara mata fuskar. Akwai mai kallon ta ta can."

Na sa hannu na gyara. Ya duba da kyau, ya gyaɗa kai, ya ce yanzu sun daidaita.

Allah ya jiƙan Iya, ya yafe mata kurakuranta, ya sa Aljanna ce makomarta. Allah ya jiƙan wancan yaron da ke kwance a gindin gora, ya kai haske kabarinsa. Ku kuma ƙannena da 'ya'yana, in kun tsaya salla kun kalli gabas, ku sani kuna da baffa a can gaba, bayan Ɗakin, fuskarsa na wajenku.